Sukardin, Mai Naɗar Muryar Tsofaffin Totoli

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta bakin teku a Tolitoli, kowa yakan nufi abin da ya dame shi. Masunta su gangara wajen kwale-kwalensu, masu gonar kanumfari su haura tudu da tsani a kafaɗa. Sukardin kuwa, wanda babba da yaro ke kira Papa Nining, wato baban Nining, sai ya koma gida ya buɗe bokitin shinkafa. Ba girki zai ɗora ba. A cikin ɗanyar shinkafar yake binne na'urar naɗar murya, domin laimar garin nan ba ta barin ƙarfe da rai. Ya kakkaɓe ta, ya gwada batir, matarsa Hasnia ta miƙo masa ambal, irin wainarmu ta nan, da gasasshen kifi ƙunshe a ganyen ayaba, ya hau tsohon babur ɗinsa mai tari kamar mashayin taba. Dole ne ya yi sammako. Da rana ta ɗaga babura za su cika titi da ƙara, da la'asar kuma ruwan sama zai fara dukan rufin kwano, ko a gefen mutum kake ba ka jin abin da yake faɗa.

Haka ya yi shekara da shekaru. A watan jiya ya ajiye aikin, ba don ya gaji ba, kunnensa ne ya fara mutuwa. Shi ya sa ya dace a jinjina masa yanzu, tun yana iya tsintar wani abu daga ciki. Mu mutanen nan mun iya yabon mutum, amma sai mun dawo daga maƙabarta.

Asalinsa mai gyaran rediyo ne da lasifikar masallaci. Yana cikin wannan sana'a wata malamar jami'a ta zo daga Turai, Ibu Marlen, wato Malama Marlen, tana neman wanda ya san waya kuma ya sha harshen Totoli a nono. Ta ce kalmomin harshen an riga an rubuta da yawansu. Abin da take nema shi ne karin maganar, inda murya ke hawa da inda take sauka, yadda mai magana ke nuna bai gama ba, da yadda yake nuna ya dire.

"Papa Nining," in ji ta, "idan ka rubuta 'ya dawo' a takarda, wa zai san ko labari kake bayarwa, ko tambaya kake yi, ko mamaki ne ya kama ka?"

"Sai wanda ya ji da kunnensa."

"To, masu zuwa bayanmu ba za su sami wanda za su ji ba."

Ita takan yi 'yan watanni ta koma ƙasarsu. Shi ne yake nan rani da damina, yana bin ƙauyuka da jaka a baya.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka aikin danna maɓalli ne. Tsohon da ya kwana yana zazzaga Totolanci a bakin teku, da zarar an maƙala masa makirufo sai ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya koma harshen makaranta, wato harshen ƙasa baki ɗaya, yana godiya ga hukumomi. Masunta har yau suna dariyar ranar da Sukardin ya katse wani dattijo cikinsu, yana kiransa Om, wato kawu.

"Om, ba gwamna ba ne a cikin akwatin nan. Yi min irin maganar da ka yi wa surukinka jiya da ya yaga maka taru."

"Wannan ai ba ta naɗuwa, ɗan nan. Da zagi a ciki."

"Zagin na zo nema, Om."

A hankali ya gane baki ɗaya ba ya fitar da kari. Sai mutum biyu sun haɗu, wannan ya tambaya, wancan ya musa, sun manta da na'ura. Don haka yakan zaunar da tsofaffi biyu baya da baya, ya ba su hotuna, ɗaya ya siffanta abin da ke hannunsa, ɗayan ya lalubo irinsa. Kafin nan kuwa sai ya bi maƙwabta yana roƙo a kifa wa zakaru kwando, a lallashi mai saran kwakwa ya ɗan dakata.

Dariyar aikin ke nan, kuma ba ta da yawa. Waɗanda yake naɗa tsofaffi ne, tsofaffi kuwa tafiya suke yi. Ba a jima ba magana ta bazu cewa duk wanda Papa Nining ya sa wa waya a wuya, a fara tanadin likkafani. Akwai gidajen da in an ji tarin babur ɗinsa sai a ja ƙofa, a ce Nene, wato kaka, tana barci. Bai taɓa yin fushi ba. Yakan ajiye sukari da kofin da ya zo da su a kan matakala, ya juya. Wasu daga cikin masu rufe masa ƙofar su ne daga baya suke aiko masa ranar sadakar arba'in, ya zo ya sa musu muryar mamacin. A wata irin wannan sadaka ya kunna muryar wata tsohuwa, ɗaki ya ɗauki kuka. Jikarta, ma'aikaciyar jinya ce da ta zo daga birnin Palu, ta matso kusa da shi tana share hawaye.

"Om, me take cewa?"

Labarin jikar tata tsohuwar take bayarwa, yadda ta goye ta lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ta. Sukardin ya fassara mata maganar kakarta zuwa harshen makaranta, jimla bayan jimla, kamar wadda baƙuwa ta yi wa magana. Hasnia ta ce ranar ya dawo gida ya zauna a baranda da takalmi a ƙafa har abinci ya huce. Ba shi da bakin ganin laifin yarinyar. 'Yarsa Nining ma in ya yi mata magana da Totolanci, da harshen makaranta take mayar masa, 'ya'yanta kuwa ko gaisuwa ba su iya ba.

Kai ne ka ga wannan duka, Papa Nining, ka kuma tashi washegari ka hau babur. Kai ne mai zuwa gidan da 'ya'yan gida suka daina zama su saurari uwarsu, ka zauna a ƙasa ka ce, "Nene, sai aka yi yaya?"

Amma abin da mutane ba za su manta ba shi ne abin da ya faru tsakaninsa da wasu tsofaffi biyu a wani ƙauyen masunta da ke arewa da mu, Nene Hadaria da Nene Sapia. Tare suka tashi, tare suka koyi tsinkar kanumfari, kuma duk yankin babu mai Totolanci irin nasu, tsantsa, ba gauraye. Gidajensu na kallon juna, hanya ce kawai a tsakani. Sai dai rabonsu da ko sannu, jariran da aka haifa a lokacin yanzu sun aurar da nasu 'ya'yan. Dalili kuwa kowa ya sani. Arpan, ɗan Hadaria tilo, ya bi Jamading mijin Sapia kamun kifi a lokacin iskar yamma. Kwale-kwalen ya kife. Jamading ya dawo, Arpan bai dawo ba, ko gawarsa ba a gani ba. Jamading ya ce igiyar ruwa ta farko ce ta tafi da yaron, bai ƙara cewa komai ba har ya mutu.

Sukardin ya naɗi kowacensu ita kaɗai, ya san abin da zai fito in suka haɗu. Bai yaudare su ba. Ya gaya wa kowace abin da yake so, ya kuma maimaita abin da yake gaya wa duk wanda zai naɗa: murya taki ce, ranar da kika ce a'a, magana ta ƙare.

Hadaria ta ce, "Ɗan nan, in muryata kake so, ga ta nan, kwashe. Amma wancan gidan, ko gobara ce ta tashi a nawa ba can zan gudu ba."

Sapia ta ce, "Ni ban hana kowa zuwa ba, ban kuma kira kowa ba."

Kakar kanumfari ta zo ta wuce yana tsallaka hanyar nan da gaisuwa. Rannan yana ɗaure jaka zai tafi, Hadaria ta tsayar da shi.

"Tarin matar can ya canza. Daga nan ina ji. Ba za ta daɗe ba, ni kuma akwai abin da zan tambaye ta. Ka shirya wayoyinka."

Aka haɗu a barandar gidan liman, don kada a ce wata ta je gidan wata. Murni, 'yar Sapia, ita ta riƙo uwarta, kuma daga bakinta aka ji yadda zaman ya kasance. Sukardin ya riga ya cire duk hoton da ke da teku ko kwale-kwale, ya bar na tsuntsaye da kayan girki. Ya zaunar da su baya da baya. Sapia ta ɗauki hoto.

"Tukunya ce, mai kunne ɗaya."

"Wace irin tukunya ce mai kunne ɗaya? Buta dai. Ke har yanzu ba ki iya bayani ba."

"Ke kuma har yanzu ba ki iya haƙuri ba."

Daga nan Hadaria ta zubar da hotunan a cinya, ta ja kujerarta ta juyo.

"Sapia. Ya kira ni?"

Murni ta ce yadda muryar ta hau a kan kalmar ƙarshe ta karye, ba za ta manta ba har ta mutu. Sukardin ya kai hannu zai kashe na'ura. Hadaria ba ta ko dube shi ba ta ce, "Bar shi. Ai magana ka zo nema."

Sapia ta faɗi abin da mijinta ya gaya mata a ciwon ajalinsa. Gorar gefen kwale-kwalen, wadda ke hana shi kifewa, ta tsage tun a tudu. Arpan ne ma ya nuna masa. Jamading ya yi masa dariya, ya ce in tsoro yake ji ya koma bayan uwarsa, yaron ya ji kunya ya shiga. Kuma ba igiyar farko ce ta tafi da shi ba. Sun daɗe maƙale da katako su biyu.

"Ya kira ki, Hadaria. Ya yi ta kiranki har muryarsa ta dushe. Da ya ga hannunsa na saki, ya ce a gaya miki ya bar kifi a shanye a kan rufi, ki sauke kada ruwa ya dake shi."

"Kika zauna da wannan a cikinki, kina kallona ina shara a ƙofar gida?"

"Mijina ne."

"Ɗana ne."

Suka yi ta yi har rana ta take. Sun yi zagi, sun yi kuka, sun kwaikwayi muryoyin mutanen da suka daɗe a kabari, sun tuna wani barkwancin ƙuruciya sun yi dariya ba su shirya ba, suka sake komawa kuka. Tambaya, musu, rantsuwa, roƙo, kira, duk abin da Sukardin ya yi shekaru yana tsinta ɗaiɗai, ranar ya zubo a zama guda. Da ya koma gida ya saurara, ya ce wa Hasnia, "Yau na naɗi Totolanci. Duk na baya gwaji ne."

Bai kai ga aika wa Ibu Marlen naɗin ba Murni ta zo a kan babur, ta ce jikin uwarta ya tashi, tana kiransa. Ya same ta kwance, numfashi sama-sama.

"Hadaria na gaya wa, ba duniya ba," in ji Sapia. "Mijina yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa. Jikokinsa suna shiga teku da jikokin mutane. Ka goge."

Ya fita waje ya kira Ibu Marlen. Ya gaya mata abin da ake ciki. Sannan ta kawo shawara biyu: ko a kulle naɗin, kada kowa ya ji sai bayan duk wanda abin ya shafa ya bar duniya, ko a dusashe kalmomin ya rage karin kawai, kamar maganar da ake jiyowa ta bayan bango. Ta ƙara da cewa in tsohuwar ta ƙi, alkawarin da ya yi, da sunansu su biyu ya yi shi, sai a cika. Ya koma ya yi wa Sapia bayani dalla-dalla.

"Bango ma kunne gare shi," in ji ta. "Ranar da ka fara zuwa ka ce in na ce a'a magana ta ƙare. Ƙarya ka yi min?"

"Ban yi ƙarya ba, Nene."

Sai dai muryar ba ta Sapia kaɗai ba ce. Ya tsallaka hanya ya durƙusa gaban Hadaria ya gaya mata. Tsohuwar ta kama hannun rigarsa.

"A nan kaɗai maganar ɗana take. Ni ban iya karatu ba, kaina kuma ya fara yoyo, jiya na nemi sunan ƙanwata na rasa. In na manta fa? Wa zai gaya min?"

Ya ce zai yanke nata ɓangaren ya ajiye mata.

"Me zan yi da muryata? Tasa nake so, tasa kuwa a bakin Sapia take."

Babu yadda za a raba. Ya sa mata ta saurara sau ɗaya daga farko har ƙarshe, tana riƙe da abin sauraron a kunne da hannu biyu. Sannan ya tashi ya koma gidan Sapia, ya goge a gabanta, Murni na kallo. Ya nuna musu wurin ya zama fanko. Sapia ta ce Allah ya yi masa albarka, ta juya fuska bango.

Ba a yi nisa ba ta rasu. Hadaria ta tsallaka hanyar da ta yi rantsuwa a kanta, tana cikin matan da suka yi wa gawar wanka. Amma Sukardin, ba ta ƙara yi masa magana ba. Ya ci gaba da zuwa yana gaishe ta daga ƙasan matakala, tana kallon teku ta saman kansa. Bara ita ma ta tafi. Murni ce ta yi jinyarta, ta ce a watannin ƙarshe takan farka ta riƙe ta ta ce, "Me ya ce ne game da rufi?" Murni ta maimaita mata, an jima ta sake tambaya.

Har yau ana gardama a ƙauyen. Wasu sun ce ya cika alkawari, wasu sun ce ya ƙwace wa uwa abu ɗaya da teku ta dawo mata da shi. Shi kansa ba ya kare kansa. In aka tayar da zancen yakan ce, "Na cuci ɗaya don kada in ci amanar ɗaya. Allah ne zai raba mu."

Kai ne aka ba abin da ka fi so a duniyar aikinka, ka riƙe shi a tafin hannu, ba mai ganinka in ka ɓoye kwafi, ka sake shi saboda kalmar da ka faɗa wa tsohuwa a bakin ƙofarta. Kai ne ka ɗauki fushin ɗayar ka ci gaba da gaishe ta har aka binne ta. Mai amanar bakin tsofaffi. Da yawa daga cikin waɗanda suka buɗe maka ƙofa daga baya, labarin gogewar nan ne ya sa suka buɗe.

Ciwon kunnen ya fara ne da ƙara kamar kukan gyare. Ya ɗauka gajiya ce, ya ƙara wa na'ura sauti. Likita a Palu ya ce jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya yi ta maneji har wata rana da safe Hasnia ta ce masa daga kicin, "Ruwa ya ɗauke?" Ya ji kalmomin, bai ji hawan muryar ba, ya ɗauka gaya masa take yi, ya amsa da "Madalla." Da ta fito tana dariya ta ce tambayarsa take yi, shi bai yi dariya ba. Ya ce wanda ba ya raba tambaya da labari ba shi da hurumin naɗar karin maganar mutane, zai aika da kuskure ne a ɗauka gaskiya ce. A makon ya sanar da Ibu Marlen. Har yanzu ba a sami wanda zai karɓi aikin ba. An tuntuɓi matasa da dama, masu iya na'urar ba su iya harshen ba.

An yi masa ɗan taron sallama a zauren unguwa, da shinkafa da kifi. Wani babba ya tashi ya yi jawabi, ya ce Papa Nining ya ceci harshen Totoli daga mutuwa, aka tafa. Sai da Hasnia ta maimaita masa a kunne. Ya miƙe a hankali, ya yi godiya, sannan ya ce, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa:

"Ku yafe min, ban ceci komai ba. Abin da mai hoto yake yi wa mara lafiya na yi, don a san kamanninsa. Mara lafiyar yana gidajenku, yana numfashi. In kuna so ya tashi, ba ni za ku tafa wa ba."

Ba a tafa ba. Mutane suka sunkuyar da kai kan farantansu.

Mun gode, Papa Nining. Mun gode da sammakon, da ƙofofin da aka rufe maka ka koma, da iyayenmu da ka zauna ka saurara lokacin da mu muke sauri. Abin da ka adana Allah ya sa ya amfani na baya, abin da ka goge Allah ya sa ka same shi a mizani. Allah ya jiƙan Nene Hadaria da Nene Sapia, ya haɗa uwa da ɗanta.

Mu kuma da kunnuwanmu ke da lafiya, ba a ce kowa ya sayi na'ura ba. Wanda ya iya harshen ya yi wa ɗansa faɗa da shi, ya yi ciniki da shi, ya yi wa matarsa ba'a da shi, ko da yaran za su yi dariya. Wanda bai iya ba, in akwai sauran tsohuwa a gidansu, ya ajiye waya ya je ya zauna kusa da ita, ya haɗa tambaya ɗaya da gurɓataccen Totolancinsa. Za ta yi masa tsiya, za ta gyara masa. Ya bar ta ta gyara.